Na Mai Da Baba Idi Rijiyar Tsamiya

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Kano ban huta da tambaya ba. In na zauna a marina sai a ce, "Habu, yaya hanya?" In na fito daga masallaci sai wani ya riƙe mini hannun riga yana so ya ji ko Nasaran can iri ɗaya ne da namu. Har matan da ke kawo zane a rina musu sai su tsaya a tsaye su ƙi tafiya, sai na gaya musu ko Baba Idi ya tarar da mutanensa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na roƙi Malam Ɗan'azumi ya zauna da ni, ina faɗa yana rubutawa, don wanda ya so ji ya je a karanta masa.

Duk ɗan Matameye ya san Baba Idi marini, amma ba kowa ya san yadda ya zo garin nan ba. Ni na kawo shi. Ina saurayi, gemu bai ko fara fito mini ba, Sarkin Damagaram na wancan zamani ya aiko a ba da mutum ɗaya daga kowane gida, za a tafi yaƙi ƙasar Kano. Mahaifina ya tsufa, sai ni. Abin da aka gaya mana shi ne Kanawa sun tare hanya suna ƙwace raƙuman fatakenmu. Ba mu tambayi kowa ƙarin bayani ba, ba mu ma san ana tambaya ba. Wata rana da hantsi muka faɗa wa wani ƙaramin gari mai ganuwa, sunansa Rijiyar Tsamiya. Ni ban harbi kowa ba, bakan da ke hannuna ma ban iya shi sosai ba. Amma a bayan gari na leƙa wani busasshen ramin rini na ga mutum a tsugune. Na yi ihu, aka fito da shi, ni na sa masa igiya a wuya. Da aka raba ganima sai ya faɗo a rabon gidanmu.

Shi ya haƙa karofin farko a ƙofar gidanmu, shi ya koya mini rini tun daga jiƙa toka har bugun riga. Mahaifina ya 'yanta shi a gaban shaidu kafin ya rasu, tun Faransawa ba su ce komai a kan bayi ba. Aka yi aka yi ya yi aure, ya ƙi. Aka ce to ya koma gida, ya ce ya ji garin ya zama kufai, ba zai je ya tsaya a kan toka ba. Haka muka zauna fiye da shekara goma sha biyar, har idonsa ya fara yin yana.

Bana da kaka wasu fataken kanwa suka sauka a kasuwa, ɗaya daga cikinsu ya ce ai Rijiyar Tsamiya ta sake zama gari, shi da kansa ya sha ruwa a can. Baba Idi ya ci gaba da aikinsa har kwana uku. Ran na huɗu muna juya shuni sai ya ajiye muciya ya ce, "Habu, kai ka kawo ni. Ko za ka mai da ni?"

Matata Rabi ta yi kuka, ta ce in suka gane ni kashe ni za su yi. Ni ma abin yana raina. Amma mutum ya tambaye ka haka, me za ka ce masa? Ita ɗin dai ce ta daka mana gumba, ta ɗaura mana ƙuli-ƙuli da kilishi, ta sa wa Baba barkono kaɗan a nasa ƙullin don ba ya son yaji.

Yanzu ba a fita ƙasa sai da takardar Nasara, wadda suke kira lasifase. Muka yi sa'a kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya zo rangadi Kance, muka je muka wuni a rana kafin a kira mu. Tafinta ya dube ni ya dubi Baba ya ce, "Bawanka ne?" Na ce a'a. Ya ce, "Ubanka ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To mene ne shi a gare ka?" Sai Baba Idi ya ce, "Ranka ya daɗe, a gida shi ne maigida, a marina kuwa yarona ne." Tafinta ya yi dariya, ya faɗa wa kumandan wani abu da bakinsu, aka buga tambari aka ba ni. Na naɗe ta na sa a cikin hula, sabuwar hula da na rina don tafiyar.

Muka tashi ran Lahadi bayan asuba. Na aro jaki a wurin maƙwabcina Tanko don Baba ya hau. Abin da Tanko bai gaya mini ba shi ne jakin nan duk rayuwarsa hanyar kasuwar Dungu kawai ya sani. Muna fita gari ya juya kai zuwa Dungu. Na ja, ya turje. Na dawo da shi hanya, muka yi 'yar tafiya, da muka iso wata mararraba ya sake karkata. Baba yana bisa yana dariya, yana cewa, "Ƙyale shi, Habu, kowa gidan da ya sani yake nema." Tafiyar da ake yi kafin azahar ba mu gama ta ba sai bayan la'asar.

A Kurni muka sauka gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ta yi mana tuwon gero da miyar yakuwa, ta zauna gefe tana kallon Baba yana ci. Ɗanta Ɗanladi tare muka tafi yaƙin nan, shi bai dawo ba, ba wanda ya ga gawarsa. Da muka gama sai ta matso ta ce wa Baba, "Kai ga shi kana komawa. In ka ga nawa a can, ka ce masa ɗakinsa yana nan, ina shafe shi duk shekara." Baba ya ce, "In Allah ya so, Gwaggo, zan faɗa masa." In faɗa muku tun yanzu, na tambaya a kowane zango har muka isa, na tambaya a dawowa, ban sami wanda ya taɓa jin sunansa ba.

Washegari muka isa iyaka. Ni da na ɗauka zan ga ganuwa ko rami. Ashe ƙarfe ne guda ɗaya aka kafa a tsakiyar gonar wani bawan Allah. Mai gonar yana nan yana ɗaure dami, na tambaye shi shi na wace ƙasa ne. Ya ce ɗakinsa na Faransi ne, rumbunsa na Ingilishi, shi kuwa duk inda masu karɓar haraji suka ɓullo, yana ɗaya gefen.

Kusa da nan akwai rumfa, da gardi, wato ɗan sandan Faransi, mai jar hula, baƙon mutum ne daga yamma, Hausarsa ba ta fi a ƙirga ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Lasifase." Na cire hula na fito da takarda. Gumin kwana biyu ya jiƙa hular, shuni ya zuba, takardar ta rine ta yi baƙi ƙirin kamar rawanin biki. Ba a ganin komai sai gefen tambari. Gardi ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ɗaga ta ga rana, sa'an nan ya nuna mana gindin wata bishiya ya ce, "Zauna." Muka zauna tun hantsi har rana ta take tsaka.

Matar gardin ce ta cece mu. Bahausa ce 'yar Magarya, ta fito shanya sai ta ga tsoho a zaune, ta kawo mana fura. Baba ya taɓa gefen zanenta da yatsa ya ce, "'Yata, wanda ya rina miki wannan ya cuce ki, sau biyu kawai ya tsoma." Ya gaya mata yadda za ta wanke shi kada ya ƙara koɗewa. Hira ta yi hira har ta ji inda za mu da dalili. Ta tashi ta nufi rumfa. Ba mu ji duk abin da ta ce ba, amma mun ji ta ce, "Kai ma ba garinku kake ba, kullum kana yi mini zancen uwarka." Can sai gardi ya fito, ya miƙo mini takardata da yatsa biyu, ya kaɗa hannu muka wuce.

A Daura muka kwana biyu don Baba ya huta, a gidan wani fatoma mai saukar da fatake. Nan na fara ganin bambanci. Na miƙa wa mai waina tamma, ta juya ta ta miƙo mini, ta ce wannan kuɗin Faransi ne, ita wuri take karɓa ko anini. Anini kuwa wani ɗan ƙarfe ne mai huda a tsakiya, suna zura shi a zare kamar tsakiyar wuya. Sa'an nan duk kwanakin da na yi a ƙasar Ingilishi Nasara ɗaya tak na gani, shi ma daga nesa. Dogaran sarki ne ke yin komai, ba kamar nan da gardi zai shigo maka har tsakar gida ya ce ka fito ɗaukar kaya ba. Na ce wa fatoma ai su sun huta. Ya ce in bari in ga dogari ya zo gidana tukuna.

Daga Daura zuwa kudu tuwon gero ya fara ƙaranci, sai na dawa, ja, mai nauyi, da miyar kuka mai daddawa da yawa. Ni kwana biyu cikina yana ƙugi. Baba kuwa da ya kai loma ta farko bakinsa sai ya tsaya, ya daɗe bai haɗiye ba. Matan can kuma ba sa yawo kamar namu. A nan matar aure ta ɗauki kwandonta ta tafi kasuwa ko gona ba wanda zai duba, a manyan garuruwan can kuwa sai tsofaffi kake gani a waje. Maganata ma ta zama abin dariya. Da na buɗe baki sai a ce, "Kai daga arewa kake." Baba kuwa da a Matameye ake ce masa Bakano, a can sai aka riƙa tambayarsa shi ma daga arewa yake. Wannan ya dame shi, na ga alama, ko da yake bai faɗa ba.

Kafin Kazaure akwai wani rafi da bai gama ƙafewa ba. Jakin Tanko ya shiga har tsakiya, sai ya ga dama ya kwanta. Baba ya zame cikin ruwa, gumbarmu ta jiƙe. Na ɗauko shi a baya na fito da shi, ban taɓa sanin ya yi rashin nauyi haka ba. Zazzaɓi ya kama shi a ranar, dole muka yi kwana uku a Kazaure.

Wanda ya sauke mu wani mahauci ne mai suna Jatau, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Kullum da yamma sai ya kawo wa Baba romon ƙashi. Ran na biyu muna zaune a zaure bayan la'asar, ya dubi zanen fuskata ya ce, "Badamagare ne kai." Na ce e. Ya janye wando ya nuna mini wani rami a cinyarsa ya ce, "Bindigarku ce." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗago, ba faɗa na kira ka ba. Tambaya nake so in yi maka, don ban taɓa samun ɗayanku a zaune ba. Me aka ce muku mun yi?"

Na ce an ce sun tare hanyar fatake.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mu kuwa an ce mana sarkinku yana kamo mutane ne ya sayar wa Larabawa ya sayi bindiga, in ya sami bindiga ya ƙara kamo wasu mutanen. Kuma ya ga Kano ta raunana, 'yan sarki sun gama yanka junansu a kan gadon sarauta, sai ya ce bari ya shigo tun ba ta miƙe ba."

Wani malami maƙwabcinsa da ke zaune da mu ya ce duka biyun akwai gaskiya a ciki, kuma akwai rigimar garuruwan tsakani, kowane sarki yana cewa shi za su bi. Ya ce, "Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ku kuna kabbara kuna tahowa, mu muna kabbara muna taryarku, alƙibla ɗaya. Ga shi yanzu sarakunan duka biyu ba su, ƙasar ma wasu suka zo suka raba ta da ƙarfe."

Jatau ya juya ga Baba ya ce, "Kai fa, dattijo, me ka sani?"

Baba yana kwance a tabarma, ya ce, "Ni abin da na sani, ranar shunina ya nuna sosai, na ce wa matata ta kawo mini fura bakin karofi don ba zan tashi ba. Ban san ana rigima da kowa ba."

Muna nan zaune aka kira magariba. Ran da za mu tashi Jatau ya raka mu har bakin gari da ɗingishinsa, ya ba ni tsire a ganye, ya ce in na dawo in biyo ta gidansa.

Kwana biyu daga nan muka kusa. Tun da sassafe Baba ya ce in sauke shi, ba zai shiga garinsu a kan jaki ba. Ya dafa kafaɗata muna tafiya a hankali, yana tambayata abin da nake gani. "Akwai kuka biyu a dama?" Na ce ɗaya ce, ɗayar kututture ne. "Ganuwa fa?" Na ce ta zube, sai guntaye, an shuka wake a kanta. Ni ma na gane wurin. Na gane inda muka tsaya aka raba mu kashi biyu.

A bakin rijiya, ƙarƙashin tsamiyar, muka tarar da mata suna ɗiban ruwa. Baba ya yi sallama ya roƙi ruwa, wata ta ba shi a guga. Ya sha, ya wanke fuska, sa'an nan ya ce, "Gidan Idi marini, akwai wanda ya saura?" Suka dubi juna. Wata ta ce, "Idi marini ai ya daɗe da rasuwa, tun yaƙin Damagaram. Ƙanensa Sale yana nan. Ga ma 'yar Idin can, Ladi." Ta nuna wata mace mai goyo da ke ɗaura gammo.

Baba ya bar Ladi tana 'yar shekara biyar. Ta matso tana dubansa kamar yadda ake duban baƙo, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ƙara damƙe kafaɗata. Ni ne na ce mata, "Baiwar Allah, je ki kira baffanki."

Sale ya zo da fartanya a kafaɗa. Tun daga nesa Baba ya ji takunsa ya ce, "Sale, har yanzu kana jan ƙafa in kana tafiya?" Fartanyar ta faɗi. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi kuka irin wannan ba, ya zube ya rungume gwiwoyin wansa yana ta salati. Ladi tana tsaye, tulunta ya cika ya tumbatsa ba ta sani ba. Sai da Baba ya miƙa hannu ya ce, "Zo in taɓa ki, ba na gani sosai," sa'an nan ta zo.

Akwai abin da Sale ya kasa faɗa sai da muka shiga zaure. Kande, matar Baba, ta tsira ranar ita da Ladi, sun ɓoye a cikin dawa. Ta jira shekara huɗu, alƙali ya yanke cewa mijinta ya mutu, aka yi sadaka, ta yi takaba. Daga baya dangi suka haɗa ta da Sale don riƙon yarinya. Yanzu 'ya'yansu uku. Sale ya faɗi wannan kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, wallahi da na san kana da rai. In ka ce in sake ta, yau zan sake ta."

Ni na san shekarun da Baba ya yi yana ƙin aure, na san don wa. Can ya ce, "Ka ciyar da ita, ka aurar mini da 'ya, ka tayar da gidan ubanmu daga toka, sa'an nan in zo in rushe? Riƙe matarka, Sale. Ni ganinku na zo yi."

Kande ta zo gaisuwa, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Sannu da zuwa." Ya ce, "Yauwa, Kande. Mun same ku lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau." Ta ɗan ɗago ta dube shi ta ce, "Ka rame." Shi ke nan abin da suka ce wa juna a gabana. Amma da aka kawo abinci, akushi biyu ne na dambu, nawa ja wur da yaji, nasa kuwa ko ɗigo babu.

Da la'asar aka taru a ƙofar mai gari, kowa yana so ya ga wanda ya dawo daga lahira. Bayan an gama gaishe-gaishe mai gari ya nuna ni ya ce, "Wannan fa?" Baba ya ce, "Ɗana ne." Wani mutum daga baya, dogo, mai in'ina, ya ce, "Za-zanen fuskarsa na Damagaram ne."

Da na yi shiru da maganar Baba ta wadatar, ba mai ƙaryata shi a ranar. Amma na ji ba zan iya cin dambun garin nan da ƙarya a bakina ba. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni mutumin Matameye ne. Ina cikin waɗanda suka zo garin nan ranar. Ni na same shi a rami, ni na ɗaure shi."

Mai in'inar nan, Audu sunansa, ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi. Daga baya na ji uwarsa da ƙanwarsa aka kama ranar, shi yana yaro ya tsira a cikin rumbu.

Baba ya lalubo hannuna ya ja ni na zauna. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Shi ya ɗaure ni. Shi kuma ya goyo ni a bayansa ya fito da ni daga rafi kwanan nan. Matarsa ke yi mini wanki, 'ya'yansa Kaka suke ce mini. Ba wanda ya tilasta masa zuwa nan, ya san abin da zai iya tararwa. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni." Mai gari ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya ce, "Baƙon Idi ne. Baƙon Idi kuwa baƙon gari ne."

Washegari da safe Sale ya leƙo ya ce mutane suna jirana a waje. Na ce a raina to, ga ranar da Rabi ta faɗa. Na yi addu'a na fito. Sai na tarar da su zaune a ƙasa, yawanci tsofaffi. Wata tsohuwa ce ta fara. Ta ce, "Ɗan nan, a can wajenku ba ka taɓa ganin wani Bawa ba, mai tabon ƙuna a hannun dama?" Wani ya ce matarsa, wata ta ce tagwayenta. Na gaya musu gaskiya, cewa mutanen da aka kama an watsa su, wasu Damagaram, wasu ƙauyuka, wasu an wuce da su hamada inda ba a dawowa, kuma da yawa an sauya musu suna. Duk da haka suka ce in ji. Limamin garin ya kawo tawada ya riƙa rubuta sunaye da alamomi, muka kai har azahar.

Audu ne ya zo ƙarshe, bayan kowa ya watse. Bai gaishe ni ba, bai kuma zauna ba. Ya dubi liman ya ce, "Ru-rubuta Tabawa. Tana da wushirya. Uwarmu na ji ta mutu a hanya." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, bai waiwayo ba ya ce, "In ka gan ta, ka ce Audu ya gina ɗaki."

Na yi kwana shida a garin. Baba ya zauna a gidan Ladi, mijinta ya gyara masa ɗaki kusa da ƙofa inda rana ke shiga da safe. Ran da zan taho ya ce shi zai raka ni, jikarsa a kafaɗa, Ladi tana riƙe da hannunsa. Har bakin rijiya yana yi mini faɗa a kan marina, kada in yi gaggawar tsoma zane, kada in bar karofin gabas ya bushe. Da muka tsaya na durƙusa na ce, "Baba, ban taɓa roƙonka gafara da baki ba."

Ya miƙa wa Ladi yarinyar, ya kama fuskata da hannu biyu. Ya ce, "Ka tuna kwana na biyu a hanya, da igiya ta yanke mini wuya? Ka jira manya suka yi gaba, ka sassauta ta, ka ba ni ruwan gorarka kana kuka. Na ce a raina wannan ma kamo shi aka yi. Tun ranar na yafe maka. Tashi, rana tana yi. Ka gai da Rabi, ka ce mata ta daina sa wa yara yaji da yawa."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Jakin Tanko da ya ga an fuskanci arewa bai sake yi mini gardama ba, ni ne ma na riƙa jan ƙafa.

Takardar liman tana wurin Malam Ɗan'azumi, duk wanda yake da baƙon Kano a gidansa ko a ƙauyensu ya zo a karanta masa. Zuwa yanzu mutum ɗaya na samu. Makon jiya aka ce mini akwai wata Bakanuwa mai wushirya a Dawce, ana ce mata Baraka, matar wani manomi, 'ya'yanta huɗu. Na je na nemi izinin mijinta, na same ta tana daka a tsakar gida. Na yi sallama na ce, "Tabawa."

Taɓaryar ta tsaya a sama. Ta sauke ta a hankali ta jingina da turmi. Na gaya mata daga inda na fito, na gaya mata saƙon wanta. Ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana duban 'ya'yanta da ke wasa a bakin rumbu. Ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba. Can sai ta ce, "Har yanzu yana in'ina?"

Na ce, "Har yanzu."

Sai ta yi dariya, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska.